Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin asibitoci da na makarantun aikin lafiya: abincin majinyaci aikin wa ne?

Assalamu alaikum, iyayenmu kuma shugabanninmu. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwar ban girma, ni ma'aikaciyar lafiya ce da ta karanci fannin abincin majinyata, irin waɗanda marasa lafiya kan kira "likitar abinci", duk da cewa ni ba likita ba ce. Maganar da zan yi muku na daɗe ina juya ta a zuci. Na faɗe ta a taruka, na sa ta a rahotannin ƙarshen wata, kullum amsar ɗaya ce: za a duba. Shi ya sa yau na fito da ita fili, domin gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Bari in fara da wani dattijo da har yau nake ganin hannunsa a idona. An kwantar da shi a wani asibiti da na taɓa aiki domin a yi masa tiyatar hanji. Daren da za a shiga da shi aka manna takarda a saman gadonsa cewa kada a ba shi komai ta baki. Gari ya waye aka ɗage tiyatar, takardar na nan. Aka sake ɗagewa, takardar na nan. Bayan an yi aikin kuma aka ce a jira hanji ya motsa. Sai da ɗinkin cikinsa ya fara buɗewa sannan wani ya tuna a kira ni, kwana 11 da kwanciyarsa. Da na ɗaga hannunsa zan duba damtsensa, agogonsa ya zame har kusa da gwiwar hannu. Ɗansa da ke jinyarsa ya ce mini: "Sista, sau biyu ina ƙara wa madaurin agogon nan huji tun da muka zo." Na buɗe fayil. An rubuta zafin jiki, bugun zuciya da awon jini sau huɗu a kowace rana, ba a tsallake ko sau ɗaya ba. Gurbin nauyi kuwa fari fat, tun daga ranar farko.

Ɗan nasa hankalinsa a kwance yake, domin yana ganin ana ta ƙarin ruwa, ya ɗauka abincin ke nan. Mutane da yawa haka suke ɗauka, har cikin ma'aikata. Lita guda ta ruwan suga mai kashi 5 cikin ɗari gram 50 na suga ne kacal a cikinta, wato abin da bai wuce kalori 200 ba, kuma babu ko ɗigon furotin. Mutum mai kilo 60 da ke kwance da rauni yana buƙatar wajen kalori 1,500 zuwa 1,800 a yini. Ragowar daga ina jikinsa zai samo? Daga naman jikinsa. Tsokar da zai tashi da ita, da wadda zai yi tari da ita ya fitar da majina daga huhu, da abin da zai haɗe raunin, su jiki ke ƙonawa domin ya rayu. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ba na zargin kowa da mugunta a kan dattijon nan. Likitan tiyata ya yi aikinsa da kyau, nas-nas sun ba da magani a kan lokaci, masu girki sun girka, mai tura keken abinci ya ga takarda ya wuce kamar yadda aka umarce shi. Kowa ya sauke nauyin da aka ɗora masa. Tambayar ko dattijon ya ci ko bai ci ba ce ba a ɗora wa kowa ba, kuma ku ne ke da ikon ɗora ta.

Akwai ragowar labarin da nake so ku ji, domin shi ke nuna dalilin da ya sa aikin nan yake buƙatar wanda ya karance shi. Da aka cire takardar, ɗan dattijon ya yi murna, ya zabura zai cika wa mahaifinsa ciki a zama ɗaya. Dole na riƙe shi. Jikin da ya daɗe da yunwa, idan aka antaya masa abinci farat ɗaya, insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, yakan tashi ya kwashe fosfet da fotasiyam da magniziyam daga jini ya tura su cikin ƙwayoyin jiki. Zuciya na iya rikicewa, numfashi ya gaza, mutum ya mutu a daidai lokacin da kowa ke murnar ya fara ci. An ga haka a kan fursunonin da aka 'yanto a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Don haka muka fara da kalori 10 a kan kowane kilo na nauyinsa, aka ba shi bitamin B1 kafin loma ta farko, ana ɗibar jini kullum, muna ƙarawa da kaɗan-kaɗan. Ya tashi, Alhamdu lillahi, amma kwanciyar da aka yi wa lissafin mako guda sai da ta haura wata.

Wannan matsala ba ta asibiti ɗaya ba ce, ba kuma ta ƙasashe matalauta kaɗai ba. Tun a 1974 wani likita a Amurka, Charles Butterworth, ya rubuta maƙalar da ta girgiza asibitocin ƙasarsa, inda ya lissafo irin laifuffukan nan: ba a auna nauyi, ana hana abinci saboda gwaje-gwaje, ana barin mutum kwanaki a kan ruwan suga da gishiri. Sama da shekara hamsin ke nan, amma bincike daga ƙasashe daban-daban har yanzu yana nuna cewa tsakanin kashi 20 zuwa 50 cikin ɗari na waɗanda ke kwance a asibiti suna fama da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ga mai tambayar ko gyaran yana da amfani kuwa, an gwada. A 2019 mujallar likitanci ta Lancet ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a asibitoci 8 na ƙasar Suwizalan a kan majinyata sama da 2,000 da ke cikin haɗarin rama. Rabi an bar su da abincin asibiti kamar kullum, rabi kuma masanin abinci ya tsara wa kowannensu nasa, yana bibiya. Cikin kwana 30, kimanin kashi 10 cikin ɗari na rukunin farko sun rasu, na rukuni na biyu kuwa kimanin kashi 7. Da a ce wata sabuwar allura ce ta ba da wannan sakamako, na tabbata da tuni kun zauna a kan yadda za a sayo ta.

Ranku ya daɗe, da yawa daga cikinku sun san mu ne a matsayin masu kula da ɗakin girki. A asibitoci da dama ofishinmu yana can bayan gini, kusa da ma'ajiyar kayan abinci, aikinmu ƙirga faranti da sa hannu a takardar kaya. Ba na raina wannan aiki, tsaftar abinci da tsarinsa ginshiƙi ne. Amma ba don shi kaɗai muka shafe shekaru muna karanta yadda jiki ke sarrafa abinci da yadda cuta ke sauya wannan sarrafawar ba.

Ku dubi mai ciwon ƙoda. Kafin ya fara wankin ƙoda, sau da yawa ana rage masa furotin domin a sauƙaƙa wa ƙodar aiki. Ranar da ya fara wankin, lissafin ya juye, yana buƙatar gram 1 zuwa 1.2 a kan kowane kilo, domin injin yana tafiya da wani abu daga jikinsa. Na sha haɗuwa da masu wankin ƙoda da ke riƙe da tsohuwar doka shekara guda bayan ta daina aiki a kansu, suna ramewa, saboda ba wanda ya zauna ya ce musu an sauya. Gishirin nan da ake rage masa sodiyam a sa fotasiyam, wanda ke taimakon mai hawan jini, shi ne kuma zai iya tsayar da zuciyar mai ciwon ƙoda. Ku dubi wanda ɓarin jikinsa ya shanye, maƙogwaronsa ya daina haɗiya daidai. Ruwa tsinkakke, wanda kowa ke ganin shi ne mafi sauƙi, shi ne ya fi saurin sulalewa cikin huhu ya jawo ciwon da zai kashe shi. Wani lokaci kaurin abin sha ake gyarawa, wani lokaci sai an sa robar ciyarwa ta hanci, kuma sai an lissafa abin da za a zuba a cikinta.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne ɗakin yara masu tamowa mai tsanani. Duk abin da tausayi zai sa mutum ya yi wa yaron nan, kusan shi ne abin da zai cutar da shi. Ka gan shi a bushe ka sa masa ruwa ta jijiya, zuciyarsa da ta raunana ta kasa ɗauka. Ka gan shi a kumbure ka ba shi maganin fitsari, ka ƙara rikita masa gishirin jiki. Ka ga jininsa ya yi ƙasa ka ba shi maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe tun ranar farko, ka ƙarfafa ƙwayoyin cutar da ke jikinsa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara matakai goma, aka fara da madarar F-75, mai kalori 75 a kowane mililita 100, ana ba da ita kaɗan-kaɗan duk bayan awa 2 zuwa 3, har da tsakar dare, domin suga kan faɗi, jiki kan yi sanyi, yaro ya tafi kafin asuba. Sai ya farfaɗo, cinsa ya dawo, sannan a koma madarar F-100 da ta fi ƙarfi, ko haɗin gyaɗar nan na cikin leda da André Briend da Michel Lescanne suka ƙirƙiro a Faransa a 1996. Ɗan zaren awon damtse da ke nuna ja idan ya gaza milimita 115 ba shi da tsada, amma sai an koya wa hannu inda ake ɗaura shi. Likita Cicely Williams ta bayyana cutar kwashiyoko, wato tamowa mai sa kumburi, tun 1933. Har yau Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa kusan rabin mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara 5 tana da alaƙa da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ɗakin da ake kwantar da irin waɗannan yara bai kamata ya kwana ko sau ɗaya ba tare da wanda ya san wannan aiki ba.

Yanzu gare ku, malamanmu shugabannin makarantu. Binciken da aka yi a makarantun likitanci na Amurka ya gano cewa ɗalibi yana samun kimanin awa 19 ne na darasin abinci a duk shekaru huɗun karatunsa, alhali tun 1985 aka ba da shawarar kada ya gaza awa 25. A 2019 wasu masana suka tattara bincike daga ƙasashe da dama, suka tarar labarin ɗaya ne ko'ina: ɗaliban likitanci na fita ba su da ƙwarin gwiwar yi wa majinyaci maganar abinci. Amma tambayar farko da majinyaci ke yi bayan an gaya masa cutarsa ita ce: "Likita, to me zan ci?" Likitan da ba a koya masa ba, ko ya ce "ka ci komai", ko ya jero masa haramci. Ba ina roƙon ku mayar da likitoci da nas-nas masana abinci ba ne. Ina roƙon kowane ɗalibi ya fita ya iya gane mai rama ko da kuwa mai ƙiba ne, domin ƙiba takan ɓoye zaizayewar tsoka. Ya san cewa ƙa'idar azumin tiyata a yau, ga mafi yawan majinyata, awa 6 ce ga abinci, awa 2 ga ruwa mai garau. Mai harhaɗa magunguna ya riƙa faɗa cewa madara tana hana jiki tsotse ciprofloxacin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, kuma mai shan warfarin, maganin hana jini daskarewa, ba a hana shi ganye, ana so ne ya daidaita yawan da yake ci kada ya yi yau da yawa gobe babu. Sama da duka, kowa ya san lokacin da zai ce a kira masanin abinci. Hanya mafi sauƙi ita ce ku haɗa ɗaliban a gefen gado ɗaya tun suna makaranta. Wanda ya yi zagayen ɗaki da ɗalibin fannin abinci yana aji huɗu, ba zai manta da shi ba ranar da ya zama babban likita.

Ɗalibanmu na fannin abinci kuma suna buƙatar asibiti, ba allo kaɗai ba. A Amurka ba a ba mutum lasisi sai ya yi aƙalla awa 1,000 yana aiki a ƙarƙashin kulawar ƙwararre, kuma tun Janairun 2024 sai da digiri na biyu ake zama jarrabawar. Ban ce kowace ƙasa ta kwafi wannan ba. Amma na karɓi ɗaliban da suka haddace sunan kowane bitamin da aikinsa, ba su taɓa karanta sakamakon gwajin jini na mutum mai rai ba. Laifin ba nasu ba ne, ba a buɗe musu ƙofar ɗakin ba ne.

Sai maganar aikin yi, wadda ita ce ke hana ni barci idan na tuna ƙannenmu masu tasowa. Yarinya ko yaro ya gama karatu da sakamako mai kyau, ya zo asibiti a ce babu gurbi, domin a tsarin ma'aikata an rubuta mutum ɗaya ko biyu ga gini mai ɗaruruwan gadaje. Wanda ya samu shiga kuma sai ya tarar da matakala mai taki biyu: ba hanyar ƙwarewa a fannin ƙoda, ko yara, ko ciwon daji, ko ɗakin masu tsananin ciwo, ba kuma kujerar da zai hanga a gaba. Shekara biyar sai ka ji ya koma sayar da magungunan ƙarin kuzari, ko ya bar fannin gaba ɗaya. Alhali aikin yana nan jibge. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon suga sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, kuma mutum ɗaya cikin takwas a duniya yana fama da matsananciyar ƙiba. Akwai asibitocin haihuwa, gidajen kula da tsofaffi, makarantu, sansanonin 'yan gudun hijira, kamfanonin sarrafa abinci, wuraren bincike. Duk gurbin da kuka bari babu kowa, wani ne ke cike shi a intanet, wanda bai taɓa shiga aji ba, yana gaya wa mai ciwon suga ya ajiye allurarsa ya sayi garin da yake tallatawa. Na ga waɗanda aka kawo a sume saboda irin wannan shawara. A Birtaniya doka ta kare sunan sana'ar, ba mai amfani da shi sai wanda hukuma ta yi wa rajista. Ku da muryarku ke kai wa ga masu yin doka, ku taya mu neman irin wannan kariya a duk inda babu ita, domin majinyaci ya san wa zai amince wa.

Laifi tudu ne, don haka ba zan taka namu in hango na wasu ba. Mu ma mun taimaka wajen rage wa kanmu daraja. Mun saba miƙa takarda guda da aka buga tun shekaru, mai jerin "kada ka ci", ga kowa da kowa, ba mu tambayi mutum abin da yake iya saya ba, ko wa ke yi masa girki, ko yana da haƙoran tauna. Na taɓa karɓar wata baiwar Allah mai ciwon suga da aka hana kusan komai, har ta koma tsoron faranti, tana shan maganinta da cikin da babu komai, suga yana faɗuwa tana jiri. Da na ce mata za ta ci abincin gidanta, awo da lokaci kawai za mu gyara, sai ta fashe da kuka. Wasunmu kuma sun gwammace zaman ofis a kan shiga ɗaki, ba sa rubutu a fayil, ba sa bin sababbin bincike. Idan kun ba mu gurbi, ku tuhume mu a kansa: ku tambaye mu mutum nawa muka gani, me ya sauya a jikinsu.

Abin da nake roƙo mafi yawansa ba ya buƙatar sabon gini. A sa sikeli mai aiki a kowane ɗaki, a auna duk wanda aka kwantar a ranar da ya shigo, a sake aunawa duk mako, kamar yadda hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta tanada tun 2006. Akwai ma'aunin tantancewa irin MUST, wanda aka fitar a 2003, tambayoyi uku ne: nauyi a kan tsawo, ramar da mutum ya yi ba da niyya ba cikin wata 3 zuwa 6, da ko ciwo ya hana shi ci fiye da kwana 5. Nas za ta gama shi cikin 'yan mintuna, wanda ya faɗa cikin haɗari a turo mana shi a ranar. Takardar hana abinci kuwa kada a sake manna ta sai da kwanan wata, da lokaci, da sunan wanda ya ba da umarni, kuma a sake duba ta kowace safiya. Lokacin cin abinci a bar majinyaci ya ci, a ɗaga masa kai, a matso masa da faranti inda hannunsa zai kai, wanda ba ya iya ɗaga cokali a samu mai ba shi. Na sha ganin faranti a ƙarshen gadon wanda ba ya iya tashi zaune, ya huce, a zo a ɗauke, a rubuta cewa ya ƙi ci.

Wanda ke buƙatar sa hannunku da kasafinku shi ne gurabe da matakan girma, da kuma umarni a rubuce cewa masanin abinci yana cikin tawagar zagayen safe, yana rubutu a fayil ɗaya da kowa, kuma ana karanta abin da ya rubuta. Na san kuɗi ba ya isa, na san kowane sashe yana kuka. Amma ku sa a lissafa muku abin da ƙarin mako uku na dattijon nan ya ci: gado, magungunan kashe ƙwayoyin cuta, sake ɗinki, da wani majinyacin da aka mayar gida saboda babu gado.

Kafin ku yanke hukunci a kan wasiƙar nan, ina roƙon alfarma guda. Gobe da safe ku shiga kowane ɗaki kuka ga dama, ba tare da sanarwa ba, ku zari fayil goma. Ku duba guda nawa ne aka rubuta nauyi a cikinsu, sannan ku tambayi masu gadajen abin da suka ci jiya. Idan kuna son mai rakiya, ku aika a kira masanin abincin asibitinku, yana nan a ofishinsa na bayan gini.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya taya ku riƙon amanar da ke wuyanku.

Taku cikin girmamawa,
Wata ma'aikaciyar sashen abincin majinyata